Taƙi Ɗaya Cif

Ranar wata Talata cikin kaka, da ƙarfe biyar saura kwata na yamma, aka kawo ƙosai majalisar da ke gaban shagon Kabo mai faci a Gaya, naɗe a cikin takardar da aka yago daga wata tsohuwar mujallar Turawa. Daga wannan takarda maganar ta taso.

Da ƙosan ya ƙare, Mai Unguwa ya shimfiɗa takardar a cinyarsa zai goge hannu, sai ya tsaya yana kallo. Hoton wata mota ne irin ta zamanin da, doguwa siririya kamar kwalekwale, ba rufi, ba ƙofa. Tayoyinta a waje suke, masu wayoyi kamar na keke. An ɗaure murfin injin da maɗaurin fata biyu, bututun hayaƙi ya bi ta gefenta har baya, ga lamba bakwai ɓaro-ɓaro a jikinta. A ƙasan hoton kuma an zana ta ta gefe da ta sama, an jera lambobi ƙanana.

"Wannan kuma mota ce ko makara?" in ji Mai Unguwa.

Shehu ya miƙo hannu ya karɓe takardar. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wani kamfanin harhaɗa motoci a kudu, ya dawo gida ya sa aka kafa masa allo a ƙofar gida mai ɗauke da rubutu: INJINIYA SHEHU, ƘWARARRE A KAN MOTOCI. Tun da ya dawo ba wanda ya taɓa ganin sa riƙe da sifana. In mota ta mutu a kan titi yakan je ya tsaya, ya goya hannu a baya, ya ce, "Kafireto ne," ya wuce. Duk da haka kowa Injiniya yake ce masa, ban da mutum ɗaya: Kabo, taubashinsa, wanda mahaifiyarsa ƙanwar mahaifin Shehu ce. Kabo ya rantse wani direba ya gaya masa aikin Shehu a kamfanin ɗaga sandar bakin ƙofa ne, don haka Mai Sanda yake kiran sa.

"Motar tsere ce," in ji Shehu, yana gyara zama. "Ta shekara ɗari da suka wuce. Na san ta kamar yunwar cikina. Irin ta aka fara koya mana."

"A bakin ƙofa?" in ji Kabo, bai ɗago daga tayar da yake dubawa ba.

"Kai dai ci gaba da neman huji. Wannan zanen na ƙasa, na ƙera 'yar ƙaramarta ne, komai da komai, har noti. Ni da na ga dama, wata ɗaya ya yi mini yawa."

"To ga dama mana, Mai Sanda. Nan da sati biyar za a yi baje kolin masu sana'ar hannu na Gaya da Ajingi a filin firamare. Ka kawo ta. A ɗora ta a kan katako a sake ta. In ta yi taku goma a miƙe, ni Kabo zan ce maka Injiniya har ranar da za a binne ɗayanmu."

"In ba ta yi ba fa?" in ji Mai Unguwa.

"Ya cire allon nan da hannunsa, kowa kuma ya daina ɓata sunan injiniyoyi."

Wani dattijo ya ce wannan ya yi kama da caca. Mai Unguwa ya yi nazari, ya ce tunda ba ko sisi a ciki, alkawari ne, kuma shi ne shaida. Shehu ya miƙe, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "Taku goma? Ku share hanya har Kademi."

A gida ya tarar da matarsa Suwaibatu tana duba littattafan 'yan aji huɗu, don malamar lissafi ce a firamare. Ya ajiye mata takardar a kan littattafan, maiƙon ƙosai da komai. Ta karanta a hankali, ta ɗauko fensir.

"Baban Raihana, sun ce ɗaya bisa huɗu. Duk abin da ke jikin babbar motar, a raba shi huɗu. Tsawonta zai zama mita ɗaya. Taya kuma santimita ashirin." Ta buɗe akwatin keken ɗinki ta ciro tef. "Ga wannan, ka riƙe."

Shehu ya kalli tef ɗin kamar an miƙo masa ludayi. Ya buɗe tafin hannunsa a kai, daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya, ya faɗa daidai kan ashirin.

"Kin gani? Taƙi ɗaya cif. Malama, tef na masu koyo ne. Kakanninmu da taƙi suka gina ganuwa."

"Mutum ɗaya ne ya auna musu."

"Ke dai ki ji da 'yan aji huɗu."

Washegari ya bayyana wa majalisa tsarinsa, ko da yake ya ce sirri ne. A kamfani, in ji shi, ba a barin mutum ɗaya ya ga mota gaba ɗaya, don kada ya sace fasahar. Wata ƙasa ta yi taya, wata ta yi kujera. Don haka ko tayoyin ba zai ba mutum ɗaya ba. Na hagu biyu, kowacce da sandar da za ta ratsa ƙarƙashin motar, Abdulmumin mai walda a Kademi zai yi su. Na dama biyu, masu hujin da sandar za ta shiga, Ja'afar maƙeri a Ajingi. Ba kuma zai je ba, don kada su ga takardar. Ya tsaya a tsakiyar titi ya buga musu waya, yana magana da muryar da ta isa har bakin tasha.

"Ja'afar! Taya biyu, masu wayoyi kamar na keke, huji mai kusurwa huɗu a tsakiya, daidai rodin taga. Faɗinta? Taƙi ɗaya cif. Kada ka tambaye ni na mene ne."

Ya faɗa wa Abdulmumin haka nan, kalma da kalma, sai dai sanda a maimakon huji. Dukansu suka ce an gama.

Abin da Shehu bai tsaya ya tuna ba shi ne, Ja'afar ƙato ne wanda in ya ba ka hannu sai naka ya ɓace har wuyan hannu, Abdulmumin kuwa ɗan tsurut ne, agogon mata yake ɗaurawa don na maza zubewa yake yi.

Shi dai Shehu ya shiga aikin gangar jiki. Ya mai da zaure ma'aikata, ya rataya buhu a ƙofa, ya rubuta BA SHIGA da alli. Ya samo gwangwanayen man girki guda uku, ya yanka da almakashin ɗinkin Suwaibatu, almakashin ya dakushe, yatsunsa biyu suka sha tsumma. Amma a faɗi gaskiya, bayan sati biyu abin ya fara kama da hoton, in an tsaya daga nesa aka ɗan runtse ido.

Daga nan kayan gida suka fara ɓata.

Ranar Litinin Suwaibatu ta dafa shayi ta nemi matata ta rasa. Ta same ta a gaban motar, an yanke mata hannu, ta zama ragar lagireto. Ranar Laraba ta ɗauki butar shayin kanta, ta karkata, ruwa ya zubo mata a ƙafa ta wani huji, don bakin butar ya zama ƙarshen bututun hayaƙi. Ranar Juma'a ta shirya za ta gidan suna, ta ɗauki jakarta ta fata za ta rataya, jaka ta faɗi ƙasa.

Ta ɗaga buhun zaure ta leƙa. "Baban Raihana, ina igiyar jakata?"

"Ki duba hoton da idonki. Maɗaurin fata biyu, har da ƙarfen ɗaurewa. In na sa leda, ai an raina mu."

"An raina wa?"

"Gidan nan. Ranar da Ciyaman zai ba ni hannu, ke ma sunanki zai fito."

Suwaibatu ta rungumi jakarta kamar jariri ta tafi suna. Da ta dawo ta kwashe cokulanta da murfin tukwane ta kulle a akwati.

Sai fenti. Shehu ya sayo ja, mai ƙyalli, ya shafa har sau biyu, ya zana lamba bakwai da farin fenti da gashin kaza. Ya ɗauki motar, ba taya, ya ɗora a kan katanga don ta sha iska. Bai leƙa bayan katangar ba. A can maƙwabciyarsu Hauwa'u ta tara mata biyar suna sheƙar geron da aka sussuka da safe, iska kuwa ta juyo gabas.

Da ya dawo daga sallar La'asar ya tarar da jama'a a gindin katanga suna kallon sama. Motar ta yi gashi. Ƙaiƙayi ya manne mata tun daga matatar shayi har wutsiya, ta zama kamar ɗan tsakon da ya faɗa manja.

"Injiniya," in ji Hauwa'u daga bayan katanga, "dama rago kake ƙerawa? Mu an ce mana mota ce."

"Wa ya ce ku yi sheƙa yau?"

"Wa ya ce ka yi shanya a kan iskarmu? Geron nan tun kafin a haifi motarka ake sheƙe shi a nan."

Kabo ya iso, labari ya riga ya kai masa. Ya tsaya ya dafa ƙugu. "Mai Sanda, aski za a yi mata ko kitso?"

"Jahilci ke nan," in ji Shehu, yana sauko da ita a hankali. "Wannan shafin farko ne. A kamfani da gangan ake yi, don fenti na biyu ya kama."

Kwana uku ya yi yana kankare shafin farkon da kananzir da soson ƙarfe. Duk wanda ya wuce ta ƙofar gidan yana jin ƙarar kankara da tsaki. Ya sake fenti, wannan karon ya shanya ta a ƙarƙashin gado, gidan ya yi sati ana barci a tsakar gida saboda wari.

Saura kwana huɗu baje koli tayoyi suka iso, rana ɗaya. Na Ajingi direban bas ya kawo, na Kademi wani mai babur. Shehu ya kira Suwaibatu ta zo ta ga aiki. Ya buɗe ƙunshin Ja'afar, taya biyu kyawawa, kowacce kamar faifai. Ya buɗe na Abdulmumin, su ma kyawawa, kowacce kamar murfin kwanon sha.

Ya ɗora wannan a kan waccan. Ya juya su. Ya sake ɗorawa, ko za su canza shawara.

Suwaibatu ta koma ɗaki ta ɗauko tef ta auna. "Na Ja'afar ashirin da huɗu. Na Abdulmumin sha bakwai."

"Tef ɗinki ya buɗe."

"To auna da taƙinka."

Ya auna. Na Ja'afar ta fi hannunsa da yatsu biyu, ta Abdulmumin ba ta kai ba. Ya zaro waya.

"Ja'afar! Me na ce maka?"

"Taƙi ɗaya cif, Injiniya. Sau uku na auna."

"Da me?"

"Da hannun da Allah Ya ba ni mana. Ko aron na wani zan yi?"

"Sai ka sake."

"Ina gona, muna cirar gyaɗa. Sai bayan sati."

Abdulmumin ma bai bari ya gama faɗa ba. "Taƙi ka ce, taƙi na yi. Shekara ashirin ina aiki da hannun nan, ba wanda ya taɓa cewa ya yi kaɗan. Kuma injin walda ya ƙone tun jiya."

Shehu ya harhaɗa su haka nan, don a gani. Motar ta tsaya a karkace, kamar mai ciwon ƙugu. Ya ɗan tura ta a tsakar gida. Ta tafi da kyau, ta karya hagu, ta kewaye turmi, ta dawo ta tsaya a gabansa. Ya sake turawa da ƙarfi, ta kewaye turmin sau biyu.

"Akwai dabara," in ji Suwaibatu. "Ka kai wa mai walda a nan cikin gari ya yanke sandunan, a sa manyan biyu a baya, ƙananan a gaba. Za ta tafi a miƙe."

"Manya a baya, ƙanana a gaba? Tarakta ke nan! Ni motar tsere na ce zan yi. So kike Kabo ya ce in je in yi masa huɗa?"

"Taku goma kuka yi alkawari, ba ku yi alkawarin kama ba."

"Malama, harkar injin ba lissafin aji huɗu ba ce."

Dabararsa ita ce ya naɗe ƙananan tayoyin da roba har su kamo manyan. Robar cikin taya ake buƙata, da sholisho, gam ɗin masu faci. Duk unguwar kuwa a wurin Kabo ake samun su. Don haka ranar kasuwar Ajingi ya shiga bas, ya ja hula har gira, ya nemi wani mai faci a ƙarshen kasuwa.

"Tsohuwar roba uku da sholisho gwangwani ɗaya. Na guga ne, zan gyara."

Mai facin ya ɗaure masa, ya ce, "Alhaji, in za ka liƙa, ka kankare robar tukuna, ka shafa kaɗan, ka jira ya sha iska har ya daina kama yatsa. In ka haɗa shi da danshi, rana na bugun sa zai saki."

"Ni za ka koya wa? Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani mana. Kai ne Injiniyan Gaya mai motar da ta yi gashi. Ƙanwar Kabo nake aure."

Kafin bas ɗin Shehu ya iso Gaya, waya ta riga shi. Yana sauka ya ji murya daga shagon faci.

"Mai Sanda! Ka je har Ajingi neman abin da ke ƙofar gidanka? Da ka zo ka rusuna ka ce, 'Ubangidana, taimaka,' ai da kyauta na ba ka. Yaya gugan?"

Shehu ya wuce kamar ba da shi ake ba.

Ya yanka roba siri-siri, ya tsiyaya sholisho kamar mai zuba zuma a kunu, ya naɗa nan take, ya ƙara tsiyayawa, ya ƙara naɗawa. Jira na masu faci ne, in ji shi, injiniya ba ya jira. Da ya gama, tayoyin hagu sun zama kamar gammo, amma motar ta tsaya daidai. Suwaibatu ta ce ya gwada ta. Ya ce dokin sukuwa ba a gajiyar da shi kafin ranar sukuwa.

Ranar Asabar filin firamare ya cika. Masaƙa da dukawa da maƙera da mata masu man gyaɗa da sabulu, kowa da teburinsa a ƙarƙashin rumfa. An ba Shehu wuri a inuwa, ya ƙi, ya ja teburinsa tsakiyar fili inda kowa zai gani. Ya sa shuɗin kayan aiki da hular kwano ruwan ɗorawa da ya dawo da su daga kudu. Mota tana ta ƙyalli a rana tun ƙarfe tara. Mutane suka yi ta zuwa, wasu har da ɗaukar hoto, kuma ba laifi, ta burge. Wata tsohuwa ta daɗe tana kallon gabanta, ta ce ita dai ta taɓa ganin wannan abin a wani wuri, ko a wurin mai shayi ne.

Aka yi addu'a, aka yi jawabin maraba, shugaban masu sana'a na Gaya ya yi nasa, na Ajingi ya tashi ya ce ba zai tsawaita ba, ya yi minti arba'in. Rana ta take. Wani ɗan wari ya fara tashi daga tayoyin hagu.

Sai wajen sha biyu da rabi mai gabatarwa ya ce an zo kan alkawarin Injiniya Shehu da Kabo mai faci. Jama'a suka bar rumfuna suka yi da'ira. Aka jingina dogon katako a jikin tebur. Mai Unguwa ya ce a auna taku goma a ja layi da toka. Kabo ya fito ya fara takawa, yana buɗe ƙafa kamar mai tsallake kwata.

"Tsaya!" in ji Shehu. "Takun wa za a yi? Ai ƙafa ta fi ƙafa!"

"Au!" in ji Kabo. "Yau ka sani?"

"A kawo tef!"

Suwaibatu, da ke zaune cikin malamai mata, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Mai Unguwa ya ce ba a yi alkawari da tef ba, shi zai taka da kansa. Ya taka goma, matsakaita, aka zuba toka.

Shehu ya karɓi makirfo. Ya yi bayanin lagireto, ya yi bayanin bututun hayaƙi, ya ce abin da za su gani yau ko a Kano ba a taɓa yi ba. Ya roƙi iyaye su riƙe yaransu, waɗanda ke bayan layin toka kuma su matsa, don ba shi da tabbacin inda za ta tsaya. Ya ɗora motar a saman katako, ya yi bisimilla, ya saki.

Ta sauko da gudu, ta dira a ƙasa, ta miƙe sak. Taku ɗaya, biyu, uku. Fili ya ɗauki ihu. Shehu ya biyo ta a guje yana ɗaga hannu, yana cewa, "Kabo, faɗi! Faɗi sunan!"

A taku na huɗu bakin robar tayar gaba ya saki. Ya fara kaɗawa, faf, faf, faf, ya warware kamar rawani, ta baya ma ta ce ba a bar ta ba. Motar ta karkata, ta karya hagu, ta nufi layin manyan baƙi. Shugabannin biyu suka ɗage ƙafafu sama lokaci ɗaya, takalmin na Ajingi ya fice. Ta wuce ta gabansu tana jan roba kamu biyar a baya, ta ci gaba da kewayawa, ta dawo daidai inda mai ita yake tahowa a guje. Ta same shi a ƙwauri. Robar ta naɗe masa ƙafafu. Ya tafi gaba ɗaya, ya faɗi rub da ciki.

Hular kwanon ta fice daga kansa, ta faɗi a gefenta, ta gangara a miƙe kamar an ja mata zare, ta tsallake layin toka, ta ƙara taku biyu, ta kwanta.

Dariya ta ɓarke a fili, har masu sabulu suna riƙe tebur.

Shehu ya ɗago kai, ƙura da ƙasa a gemu. "Ta wuce layi!"

"Me ya wuce?" in ji Mai Unguwa.

"Hular direba. A dokar tsere, hular direba ɓangaren mota ce."

"Ai kuwa da sai mu ce mata Injiniya," in ji Kabo, yana share hawaye. "Ita ta yi taku goma sha biyu."

Shehu ya zauna yana warware roba daga ƙafarsa, roba tana manne masa a yatsu. Ya hango Ja'afar da Abdulmumin, waɗanda su ma sun kawo kayansu baje koli, sun matso suna kallon motar da ke kwance a gefenta. Ya nuna su.

"Ga masu laifin nan! Zagon ƙasa aka yi mini! Awo ɗaya na ba su!"

"Ashe kai ka yi na hagun?" in ji Ja'afar, yana kallon Abdulmumin daga sama. "Aiki ya yi kyau. Me ya ce maka?"

"Taƙi ɗaya cif."

"Ni ma haka."

Mai Unguwa ya ce su nuna. Ja'afar ya buɗe hannunsa ya ɗaga sama. Abdulmumin ya yi ɗage ya ɗora nasa a kai. Hannun Abdulmumin gaba ɗaya ya zauna a tsakiyar tafin Ja'afar, har da sauran fili. Kowa ya ɗauko tayarsa ya buɗe taƙinsa a kai, kowanne ya faɗa cif, ba ragi ba ƙari.

"To, jama'a," in ji Mai Unguwa, "waɗannan biyun ba wanda ya saɓa."

Nan fa fili ya koma awon hannu. Kowa ya kama na kusa da shi suna gwadawa, shugaban Gaya da na Ajingi ma suka haɗa nasu, aka samu na Ajingi ya fi da yatsa ɗaya, mutanensa suka yi tafi.

Shehu ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya matsa kusa da Mai Unguwa ya rage murya. "Ranka ya daɗe, allon nan. In aka ƙara 'mai ritaya' a ƙasa fa?"

"A'a."

"To a bar 'Ƙwararre'."

"Shehu," in ji Mai Unguwa, kuma wannan ne karo na farko cikin shekara shida da ya kira shi haka, "da hannunka aka ce."

Ranar Lahadi da hantsi Shehu ya fito da kujera ya taka. Ba shi da sukuddireba, sai da aka aro na Kabo, kuma Kabon ne ya kawo da kansa, ya riƙe masa kujerar. Noti uku suka fita, na huɗu ya yi tsatsa ya ƙi, Kabo ya hau ya cire. Shehu ya sauko da allon ya shiga da shi gida. Daga ranar mutanen unguwa Shehu Taƙi suke ce masa, kuma yana amsawa.